Masu buga golf, yaya kuke ɗaukar hoto a fili ba tare da kun tsare na baya ba?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni golf ɗina na motsa jiki ne a ƙarshen mako, amma ina son ɗaukar hoton fili ƙwarai. Damuwata biyu. Da hunturu hazo yana cinye hoton, ya fito fari fat. Sannan da na tsaya ɗauka sai in ga 'yan baya sun dogara sanduna suna jiranmu. Mai dabara ya taimaka.

Ɗan Bukuru: Wa alaikumus salam. Malam, in hoto kake so, ka zo mana Rayfield a Jos da damina. Tun 1913 filin yake, zamanin da Turawa ke haƙar kuza. Idan ruwa ya ɗauke cikin Agusta, iska ta wanku, ciyawa ta yi shar, har duwatsun nesa kana ganinsu tar. Ni sammako nake yi, don raɓa na kwance a ciyawa, in ka gangara ƙwallo sai ta bar sawu har bakin rami. Wannan sawun nake ɗauka. Ka dai riƙo rigar sanyi.

Maman Sadik: A filin IBB na Abuja nake bugawa, mai ramuka 18. Kowa Dutsen Aso yake so ya fito masa a baya, amma da Janairu wata rana dutsen ma da ƙyar ake hango shi. Na daina faɗa da hazo. In ya sauko sai in bar na nesa, in ɗauki na kusa: ƙwallo a leɓen rami, yashin da ya tashi bayan bugu, hannu a kan sanda. Da la'asar sakaliya kuma rana takan zama ja, hoton bishiyoyi ya yi kyau matuƙa. Bakin ruwa ne dai ba na matsawa, saboda kadoji.

Tsohon Ɗan Wasa: Ɗana, batun na baya shi ne babba a wurina. Tun 2019 dokar golf ta rage lokacin neman ɓatacciyar ƙwallo daga minti 5 zuwa 3, to hoto bai isa ya ci fiye da haka ba. Ka ɗauka kana tafe, ko lokacin da ku ma kuke jiran na gaba su matsa. Ka kashe ƙarar wayarka. Mutum ya ɗaga sanda, kada ka motsa, kada inuwarka ta faɗa kan hanyar ƙwallonsa.

Abu ɗaya nake roƙonku, ku matasa. Mu a kan yashi muka koya, wanda ake cakuɗawa da mai a zagaye rami da shi a madadin ciyawa, a share maka hanya kafin ka buga. Duk inda kuka tarar da irinsa, ku ɗauki hotonsa ku ajiye. Haka yaran da ke ɗaukar mana jaka, waɗanda suka fi mu sanin kowane gangare na filin. Ku nemi izininsu, ku ɗauke su hoto, ku tura musu.

Baban Hanifa: Allah ya ƙara girma, Baba. Hajiya, na gode, ranar Asabar zan gwada na kusan. Ɗan Bukuru, ka tanadar mini wuri a rukuninku idan damina ta kama.