Jarrabawar rediyon ƴan sha'awa: ta ina zan fara?

Ɗalibi daga Garin Malam:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ina karatu a Jami'ar André Salifou, kuma na daɗe ina son shiga harkar rediyon ƴan sha'awa, wato masu hira da juna ta na'urorin rediyo nasu na kansu. Jiya na buɗe littafin shirin jarrabawa na Faransanci, na ga lissafi da zanen wayoyi, gabana ya faɗi. Don Allah ta ina zan fara?

Baba na Birni:
Wa alaikumus salam ɗana. Kwantar da hankalinka. Ni a Faransa na zauna tawa ina saurayi, lokacin da ba a barin mutum ya hau gajeren zango sai ya iya Morse, wato saƙon ƙara gajere da dogo, da kunne. Wata da watanni na yi ina sauraren ti-ta cikin dare, har barci nake da shi. A 2003 taron ITU, hukumar sadarwa ta duniya, a Janeba ya ɗage wannan sharaɗi, ya bar wa kowace ƙasa zaɓinta. Yau in na waiwaya, abin da ya hana ni barci bai taka kara ya karya ba. Riƙe dokar Ohm, U = R × I (U volt, R ohm, I ampa), riƙe P = U × I (P wat), ka san cewa in ka raba 300 da yawan megahaz za ka samu tsawon zango a mita. Rabin aikin ke nan.

Malamar fizik, Sabon Gari:
Baba, a gafarce ni, ban yarda duka ba. Wanda ya haye kogi yakan manta zurfinsa. In muka ce wa yaro abu ne mai sauƙi, ranar da ya cije masa sai ya zaci kansa ne ba ya ja. Ina ganin inda ɗalibaina ke tuntuɓe: ba a dokar Ohm ba, a juya mili da mikro da kilo da mega ne. Sifili ɗaya ya ɓata, amsa ta tafi. Ƙanena, ka ba wa wannan sati biyu cur kafin komai. Sai desibel: 3 dB ninki biyu ne na ƙarfi, 10 dB ninki goma. Kuma ka buɗe kaye, duk kalmar Faransanci da ta tsaya maka ka rubuta ma'anarta da Hausarka.

Baba na Birni:
Gaskiyarki ƴata. Na manta daren da impédance ta sa na rufe littafi kwana uku.

Mai gyara a Kasuwar Dole:
Ni ban zauna jarrabawa ba, amma hannuna ya san abin da littafin ke faɗi. Ɗan'uwa, zo rumfata ka riƙe miltimita, ka auna rezistans goma da kanka, launukan da ke nuna ƙimarsu za su zauna maka. Sannan mu yanka eriya mai rabin tsawon zango: 143 a raba da megahaz 14, waya wajen mita 10, biyar nan biyar can. Mu rataya ta don saurare kawai.

Yaya daga Yamai:
Kalmar "saurare kawai" ita ce zan ja wa layi. Kada kowa ya danna maɓallin magana ba izini, balle a yanayin tsaron da muke ciki. Sha'anin mitoci a Nijar yana hannun ARCEP, hukumar kula da sadarwa, can za ka nemi sharuɗɗa a rubuce. Alamar kiran ƙasarmu da 5U take farawa, ta Najeriya 5N. Don atisaye, tambayoyin matakin farko na Amurka a buɗe suke ga kowa: 35 ake yi, a ci 26. Fasahar ɗaya ce, amma dokokinsu nasu ne, kada ka haddace su a matsayin namu. Misali zangon mita 40 a yankinmu daga megahaz 7.0 zuwa 7.2 yake.

Malamar fizik:
Ƙara da WebSDR na Jami'ar Twente a Holan, rediyon da ake saurara ta intanet. Da salularka za ka ji masu hira, gajerun kalmominsu kamar QTH (wurin da kake) da QSL (na ji saƙonka) da 73 (fatan alheri) su shige maka ba tare da hadda ba.

Ɗalibi daga Garin Malam:
Allah ya saka da alheri, na ji ƙarfi. Yaya mai gyara, yaushe zan same ka?

Mai gyara a Kasuwar Dole:
Asabar bayan la'asar. Taho da kayenka da abin awo, waya tana nan.