Mu da ba mu da awa uku a dare, sai mu haƙura da ƙarshen labarin?

Mai_Warkarwa ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana damuna, na ce bari in kawo shi gaban masu sani.

Shekara biyu ke nan ina buga wasa ɗaya na intanet, irin wanda dubban mutane ke haɗuwa a duniya guda. Mai warkarwa ce ni a ciki, wato wadda take mayar wa 'yan tawaga jininsu idan dodo ya raunata su. Na kai matakin ƙarshe, na bi labarin tun daga farkonsa ban tsallake ko layi ɗaya ba. Amma dodon da ake ta ambaton sunansa tun ranar da na fara, ban taɓa ganin faɗuwarsa da hannuna ba. A YouTube na kalli yadda ya mutu, a hannun wasu.

Aikin jinya nake yi, dutina juyawa yake, wannan satin safe, wancan dare. Abin da nake samu na wasa bai wuce minti 40 zuwa awa ɗaya ba, sau uku a sati in an yi sa'a. Ƙungiyoyin da ke shiga babban farmaki, inda tawaga take haɗuwa ta yaƙi manyan dodanni, kuwa dare biyu tsayayyu suke so, awa uku-uku. Ba zan yi alkawarin da na san ba zan cika ba.

Satin da ya wuce na samu hutun kwana biyu. Na kalli bidiyon faɗan sau biyu, na rubuta matakansa a takarda na liƙa a gefen allo. Tawaga bakwai na nemi shiga. Shida suka ce sai na nuna shaidar na taɓa kashe shi. Ta bakwai ta karɓe ni. A gwaji na biyu wata alama ta fito a kaina, wadda ake so in ja ta can gefen fili, ni kuma idona yana kan mai garkuwa, wato mai tare mana dukan dodo, da jininsa ya kusa ƙarewa. Na tsaya warkar da shi, abin ya fashe a tsakiyar mutane, duk muka zube. Ba wanda ya ce uffan. Allo ya yi duhu, sai ga ni a gari ni kaɗai. An cire ni.

Kuskurena ne, ban musa ba. To amma a ina zan koya, tunda ba a shiga sai da shaida, shaidar kuma ba ta samuwa sai an shiga? Shin masu ƙera wasanni za su iya buɗe wa irinmu ƙofa ba tare da sun ɓata wa ƙwararru nasu ba, ko dai wurin ba namu ba ne?

Tsohon_Mayaƙi ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Wannan ciwon ya girmi wasan da kike bugawa, ni ganau ne.

Da wasan World of Warcraft ya fito a 2004, farmakinsa na mutum 40 ne. Ki duba wahalar tara mutum 40 a dare guda, kowa da intanet mai kyau, kowa ya san aikinsa. A 2006 Blizzard, kamfanin da ya ƙera wasan, suka fitar da Naxxramas, wurin farmaki ne da aka zuba wa aiki sosai, amma 'yan kaɗan ne suka ga cikinsa. Ni kaina ban gani ba a lokacin, ƙungiyarmu ta watse tun kafin mu isa ƙofar. Shi ya sa a 2008 suka sake dawo da shi, na mutum 10 ko 25, da sauƙi fiye da na da. Sun gane asara ce a gina fada a bar ta a kulle.

Daga nan aka riƙa sassautawa kaɗan-kaɗan. A farmakin Icecrown Citadel, cikin 2010, an riƙa ƙara wa 'yan wasa ƙarfi a hankali, daga kashi 5 har ya kai kashi 30 cikin ɗari, wanda ba ya so kuma ya kashe abin. Ƙwararru suka gama tun da wuri da zufarsu, sauran suka biyo baya da watanni ya ja. A ƙarshen 2011 aka kawo Raid Finder: ki danna, wasan ya haɗa ki da mutum 24, dodanni an rage musu ƙarfi, duk lokacin da kuka zube kuma daga baya aka sa a ƙara muku ƙarfi. A 2024 har sun kai ga barin mutum ya fuskanci dodon ƙarshe na farmaki tare da mataimakan da kwamfuta ke sarrafawa, don kawai ya ga yadda labari ya ƙare.

Masu wasan Final Fantasy XIV ma sun bi ta wannan hanyar. A farmakin Binding Coil of Bahamut, labari mai muhimmanci yana kulle a bayan faɗa mai tsanani, da yawa sai a bidiyo suka gan shi, kamar ke. Daga 2015, da suka kawo farmakin Alexander, sai suka raba: na kowa da kowa mai ɗauke da labarin, da Savage na masu son wuya.

Amsar tambayarki dai ita ce e, ana iyawa, an ma yi.

Ba_Sassauci ya rubuta:

Yaya Tsohon_Mayaƙi, tarihin da ka kawo daidai ne, amma akwai gefen da ka bari.

Ni ina cikin masu kwashe sati shida a kan dodo ɗaya. Mu zube sau ɗari, mu tashi. Daren da ya faɗi, hannuna rawa yake, mutum takwas muna ihu a makirfo. In an rage masa ƙarfi har kowa zai kashe shi yana amsa waya, sunansa ne kawai ya rage. Labari kam a ba kowa ya gani, ban da ja a kan wannan. Amma kayan yaƙi mafi ƙarfi da laƙabi da abin hawa na musamman, a bar su ga wanda ya sha wuyar. Faɗan Ultimate da Final Fantasy XIV suka fara a 2017 ba don kowa aka yi shi ba, kuma haka ya dace.

Sannan yanayin mai sauƙi ba ya koyar da komai, wannan ne babban aibinsa. Alamar da ta fashe wa 'yar'uwa, a can in ta fashe ɗan jini kaɗan take ragewa, a ci gaba da duka. Mutum ya gama sau goma bai san akwai ta ba. Sai ya hau mataki na gaba ya tarar da ita tana share fili. An ba shi kallo, ba a ba shi horo ba.

Tsohon_Mayaƙi ya rubuta:

Na yarda da maganar horo. Amma ka tuna wasan WildStar: ya fito a 2014 da farmakin mutum 40 da dogon jerin sharuɗɗa kafin a bar ka ka shiga, a 2018 aka rufe shi. Ban ce wannan kaɗai ya kashe shi ba. Sai dai masu minti 40 irin ƙanwarmu su ne suka fi yawa, su suke cika garuruwan wasan, da kuɗinsu ake gina dodon da kake kwana a kansa.

Mai_Warkarwa ta rubuta:

Malam Ba_Sassauci, wallahi ba laƙabinku nake so ba, ba kuma so nake a kwantar mini da dodon in zo in taka. So nake in iya. Abin da ka faɗa game da alamar nan ya shige ni, don na yi yanayin mai sauƙi na wasu faɗace-faɗacen, ban fito da komai a kaina ba. Abin da nake nema tsani ne tsakanin biyun, wurin da kuskure zai kashe ni ni kaɗai, in gane, ba tare da na ja wa mutane asarar darensu ba.

Uwar_Tawaga ta rubuta:

'Yar'uwa, na karanta labarinki sau biyu. Shekara huɗu ina jagorantar tawagar masu koyo, kuma a ganina ƙarfin dodo shi ne ƙaramar matsalarki. Manyan su ne agogo da mutane.

Na agogo, masu ƙera wasa suna da magani in sun so. Mafi amfani da na gani shi ne farmaki mai miƙewa da World of Warcraft suka kawo a 2013: dodo yana daidaita ƙarfinsa da yawan waɗanda suka zo, daga baya aka sa daga 10 har 30. Kin zo yau, a yi da ke. Duti ya riƙe ki, ba wanda aka tsayar. Sai kuma raba farmaki zuwa sassa, dodo uku ko huɗu a zama ɗaya, da ajiye inda aka tsaya. Wannan bai rage wa faɗan wuya ko kaɗan ba, amma ya shigar da shi cikin awa ɗaya.

Na mutane ya fi wuya. Jagoran da ya cire ki, wataƙila shi ma awa ɗayar gare shi, tsoro yake kada ta salwanta. Ban ba shi gaskiya ba, don kalma biyu sun isa ya gaya miki inda kika kuskure. Amma muddin tsohon hannu ba ya samun komai don ya ɗauki sabo, zai ci gaba da neman shaida. A Final Fantasy XIV sabon ɗan wasa yana da alamar tsiro a gefen sunansa, kuma in wani yana yin wuri karon farko, wasan yakan sanar, ya ƙara wa kowa lada. Da idona na ga yadda wannan ɗan abin yake sauya fuskar tawaga, a ce "wa ye sabo? tsaya bayana".

Ki daina neman tawagar da ta rubuta gamawa take so. Nemi wadda ta rubuta koyo, ko ki buɗe taki, ki rubuta a fili: karon farko, awa ɗaya, za mu zube. Za ki yi mamakin yawan masu jiran wani ya fara rubuta haka. Mu dokarmu, wanda ya yi kuskure shi zai fara faɗin abin da ya gani, sannan mu gyara. Kuma ki sani, masu warkarwa kusan duka da wannan ciwon suka fara, ido a kan jinin mutane, a manta da ƙasa. Ki jawo akwatunan da ke nuna jinin 'yan tawaga kusa da tsakiyar allo, dab da inda kike tsaye. In alama ta fito a kanki, tafi kawai, mai garkuwa yana da maɓallan kare kansa na daƙiƙun nan.

Na turo miki saƙo. In wasanmu ɗaya, muna shiga Laraba da Asabar, kuma ba ma lissafin wanda ya zo da wanda bai zo ba.

Mai_Warkarwa ta rubuta:

Na gani Anti, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ashe wasanmu ɗaya. Laraba ina dutin dare, amma Asabar ina nan in sha Allah. Akwatunan jinin na riga na matso da su yanzu. Takardar nan tana liƙe har yau, sai dai ban rubuta gefen da ake kai alamar ba. Hagu kuke ja, ko dama?