Wane gem ne zai tuna min da Chrono Trigger?

Ɗan_Tsohuwa:
Jama'a don Allah ina neman gem irin na da, wanda ake faɗa bi da bi, kai ka kai hari sannan dodo ya rama. Na gama Chrono Trigger na 1995 a emuleta (manhajar da ke kunna tsofaffin gem a kwamfuta), yanzu duk wanda na sauke sai harbe-harbe kawai.

Mai_Fad:
Ɗan uwa nemi Sea of Stars, ya fito 2023, wani kamfanin Kanada ne Sabotage Studio suka yi shi kuma da gangan suka kwaikwayi salon, har Yasunori Mitsuda da ya yi kiɗan Chrono Trigger ya sa hannu a wasu kiɗe-kiɗen. In ka danna maɓalli daidai lokacin da harin zai sauka ƙarfinsa na ƙaruwa.

Uwar_Gida:
Ni Octopath Traveler na 2018 ya fi min, jarumai takwas kowa da labarinsa, amma gaskiya yana da ja, sai ka yi ta nikar dodanni kafin ka ƙara lebul.

Ɗan_Tsohuwa:
Na gode Hajiya. Laptop ɗina fa tsohuwa ce.

Mai_Fad:
To Chained Echoes na 2022, bai da nauyi sosai, zai tashi insha Allah.