Hajiyarmu da COPD: in sayi maganin "sabunta huhu" ko kuwa?

'Yar Auta: Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min da shawara. Hajiyarmu ta daɗe tana tuyar ƙosai da itace a zaure, da shi ta aurar da mu duka bayan rasuwar Baba, har da Yaya da yanzu ko waya sai ta ga dama take ɗauka. Tun hunturun bara tari ya ƙi sakinta, ga majina mai kauri, daga ɗaki zuwa bayi sai ta tsaya ta dafa bango. An sa ta hura wata na'ura, likita ya ce COPD ce, hanyoyin numfashinta sun tsuke. Yanzu wata na tallar kwalba a WhatsApp, wai da sinadarin girma a ciki mai sa huhu ya sake tohowa. Kuɗin daidai kwasar adashina. In saya?

Maman Biyu: Allah Ya ba Hajiya lafiya. Zuma da habbatus sauda, safe da dare. Surukata da shi ta samu sauƙi.

Ɗan Lab: Kada ki saya, ƙanwata. Sinadaran girman nan saƙo ne da ƙwayoyin jiki ke aika wa juna, kuma a COPD wasu ma yawa suka yi. Hayaƙi na tsokanar EGFR, wato makarɓar irin wannan saƙo, a fatar cikin bututun iska, sai ƙwayoyin da ke yin majina su ninka. Wani sinadarin girma mai suna TGF-beta kuma shi ke tara tabo a ƙananan bututu har bangonsu ya yi kauri. Wani kuma mai suna VEGF ne ke raguwa inda jakunkunan iska na huhu suka lalace. To wanne ta zuba a kwalbar? Kuma in an haɗiya, ciki narkar da shi zai yi kamar nama. A 2010 an fitar da sakamakon gwajin maganin shaƙa mai toshe EGFR, bai rage majinar yadda aka so ba. Wane inhela, wato maganin shaƙa, aka rubuta mata?

'Yar Auta: An ba ta, amma Hajiya ta ce in an saba ba a dainawa, yana cikin kwaba. Mai kwalbar kuma ta turo min shaidun mutane da yawa.

Ɗan Lab: Ikon Allah! Inhelar tana cikin kwaba kina neman kwalba? A fito da ita, a raba Hajiya da hayaƙin itace. Ku koma gas.

Baban Hanan: Malam, ka cika silinda kwanan nan? Ni matata gawayi ta koma, albashi ba ya kai tsakiyar wata, mai gida kuma ya ƙara haya.

Maman Biyu: Ni dai zuma ba ta taɓa cutar da mu ba.

'Yar Auta: Ba ku san Hajiya ba ne. Ranar da ba ta ɗora kasko ba ciwonta ya fi tashi. Kuma ai ban ce na saya ba, rabin kuɗin kawai na tura a ajiye min.

Ɗan Lab: Rabi?