Kwikwiyo ɗan mako takwas: kukan dare da fitsari ko'ina, ta ina zan fara?

Ɗan Fadama:
Salamu alaikum jama'a. An ba ni kwikwiyo ɗan mako takwas don gadin gida a nan Fadama, Accra. Da dare kuka yake har maƙwabta sun fara magana, kashi da fitsari kuwa duk inda ya ga dama, har kusa da inda muke alwala. Ga cizon ƙafar yara. Wasu sun ce in ɗaure shi da sarƙa tun yanzu don ya tashi da zafi. Masu sani, a taimaka.

Baba Mai Karnuka, Ashaiman:
Wa alaikumus salam, ɗana. Fara da kashi da fitsari, don shi ne ke haɗa mutum faɗa da mutanen gida. Kwikwiyo ɗan wata 2 ba ya iya riƙe fitsari fiye da kamar awa 2 da rana. Ba taurin kai ba ne, mararsa ce ƙarama. Zaɓi lungu guda, nesa da wurin alwala da madafa. Ka kai shi can da zarar ya farka, da minti 10 zuwa 15 bayan ya ci, da bayan wasa. Tsaya har ya yi. Yana gamawa ka yaba masa, ka ba shi ɗan guntun nama nan take. Idan ka bari sai kun dawo tsakar gida, bai san abin da aka biya shi a kai ba.

Dukansa ko dangwala hancinsa a kashin abu ɗaya yake koya masa: ya ɓuya kafin ya yi. Inda ya ɓata, wanke da Omo sosai, domin warin da ya rage shi ke kiransa ya koma.

Kukan dare kewar uwa da 'yan'uwa ce. Sa masa kwali ko keji da tsohon tsumma kusa da ƙofar ɗakinka, inda zai ji motsin mutum. Abincin ƙarshe kamar awa 3 kafin barci. Ka tashi sau ɗaya cikin dare ka fitar da shi, ba wasa ba hira, ka mayar. Idan duk kukan da ya yi ka fito da abinci, ka koya masa kuka.

Malama Ta Madina:
Yaya, kafin horo a duba lafiya. Kai shi asibitin dabbobi na gwamnati da ke La ko likitan dabbobi mafi kusa. Allurar haɗaka, mai kare shi daga fabo da distemfa, cututtukan karnuka masu kisa, ana farawa a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk mako 3 zuwa 4 har ya kai mako 16. Ta haukan kare a wata 3, kuma gidan da ke da yara ba a wasa da ita. Maganin tsutsa duk mako 2 har ya cika wata 3, sannan wata-wata har wata 6, bisa nauyinsa, ba da ƙiyasi ba.

Kafin allurar ta cika kada ya taka titi ko bakin kwata. Ƙwayar fabo tana yin watanni a ƙasa. Amai, ƙin cin abinci da zawo mai jini da wari alamunta ne: a ranar za ka kai shi asibiti, rashin ruwa a jiki ke kashe su. Kada kuma ya riƙa kwana a yashin da ya jiƙa da fitsari, akwai ƙudan da ke ƙwai a nan, tsutsar ta shige fata ta yi ƙurji. Maganin kaska na shanu bai dace da kwikwiyo ba.

Ɗan Fadama:
Na gode Baba, na gode Malama. Abinci fa? Ragowar waakye da banku muke ba shi.

Malama Ta Madina:
Matsalar shito (soyayyen yajin da ake ci da waakye) ce da miya: albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare. Ɗebar masa shinkafa kafin a zuba miya, ka haɗa da dafaffen ƙwai, kifi marar ƙaya ko nama. Banku zalla cika ciki ne kawai. Idan da hali, abincin kwikwiyo na buhu ya fi, don an daidaita abin da ƙashi ke buƙata. Sau 4 a rana har wata 3, sau 3 har wata 6, daga nan sau 2. Ban da dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya huda hanji. Madarar shanu kuma zawo take sa yawancinsu. Kwanonsa daban, kada ya haɗu da na gida.

Alhaji Na Mamobi:
Maganar sarƙa ce ta tsaya mini. Karen da ya tashi a ɗaure ana tsokanarsa ba ya bambance ɓarawo da yaron maƙwabci, kowa abin tsoro ne a wurinsa, kuma ranar da sarƙar ta tsinke kai za a nema. Daga yanzu zuwa kamar mako 14 ne yake sanin abin da ba haɗari ba. Bari ya ga mutanen gida, masu kawo ruwa, awaki, ya ji ƙarar babur da lasifikar masallaci. Haushin baƙo zai zo da kansa idan ya girma.

Cizon ƙafa wasa ne, zai ma ƙaru wajen wata 4 zuwa 6 da yake famfara. A hana yara gudu da ihu a gabansa. Ya kama ƙafa, a tsaya cak, a ce "bari", a miƙa masa igiyar da aka ƙulle. Ya sake cizo, a juya masa baya na minti ɗaya. Kalma ɗaya duk gida: ba wannan ya ce "zauna" wancan ya faɗa da Turanci ko Twi ba. Horon minti 5, sau 3 a rana kafin cin abinci, ya ishe shi a wannan shekarun.