Tukunyar lantarki ta dafa giya tana yoyo ta gindin elemen

Mai_Tsiro:
Jama'a barkanmu da war haka. Ina da tukunyar lantarki mai cin lita 30, ta ƙarfen nan da ba ya tsatsa, da ita nake dafa ruwan tsiron sha'ir in zan haɗa giya a gida. Elemen ɗinta, wato ƙarfen da ke zafafa ruwan, kilowat 2.4 ne, an huda jikin tukunyar ta ƙasa an zura shi, noti ya riƙe shi ta waje. To kwanan nan ta fara yoyo. Abin da ya ɗaure mini kai, in na cika ta da ruwan sanyi, ko kwana ta yi ɗigo ɗaya ba na gani. Amma da ta ɗauki zafi ta kusa tafasa, sai ruwa ya riƙa tsattsafowa ta ƙarƙashin murfin robar da ya rufe wayoyi, yana ɗiga ɗis-ɗis. In ya bushe ya bar wani danƙo mai ƙauri. Akwai famfo sama da wurin kaɗan, shi ma ban yarda da shi ba. Wani ya ce in shafe wurin da silikon, gam ɗin nan na toshe kafar ruwa, in huta. Ya kuka gani?

Ɗan_Waya:
Maigida, kafin komai zare fulogin nan, kada ka sake kunna ta. Elemen mai kilowat 2.4 a wutar bolt 230 yana jan sama da amfiya 10, ga ruwan sukari yana zuba a kan wayoyinsa, ga jikin tukunya ƙarfe. Buɗe murfin ka duba ko bakin wayoyin ya yi baƙi ko tsanwa, in ya yi a sake su. Ka sa mita ka tabbatar wayar at (earth), wadda ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa, tana haɗe da jikin tukunyar. Kuma ko an gyara, kada ka dafa komai sai ta soket mai RCD na miliamfiya 30, wato na'urar kariya da ke yanke wuta nan take in ta ɓalle, kafin ta yi maka illa.

Tsohon_Hannu:
Ɗan'uwa, wannan yoyon na san shi. Tsakanin kan elemen da bangon tukunya akwai zoben roba, shi ne ke tare ruwa, noti matse shi kawai yake yi. Dahuwar ruwan tsiro minti 60 ce zuwa 90 ana tafasa, kuma robar da ba ta zafi ba ce a hankali take ƙandarewa ta baje. Da sanyi tana iya riƙewa. Da ƙarfe ya yi zafi ya ɗan motsa, ita kuma ba ta da sauran laushin da za ta bi shi, sai ruwa ya samu hanya.

Amma ka fara wanke famfon daga zargi, don ruwa na iya fitowa daga can ya gangaro ya ruɗe ka. Dafa ruwa a wata tukunya ka juye a wannan ba tare da wuta ba, ka naɗa busasshiyar takardar tishu a wuyan famfo, wata a gindin elemen. Wadda ta fara jiƙewa ita ce mai laifi. In famfo ne, farin tef ɗin masu gyaran famfo zagaye huɗu ko biyar a kan zaren ya isa, ka naɗa shi ta inda noti ke bi in ana ɗaurewa.

In elemen ne, kwance shi, ka goge bakin ramin ciki da waje har ka ji sumul da yatsa. Farin ɓawon da ruwa ke bari, ruwan ɗumi da sitirik asid, wato sinadarin tsamin da ke cikin lemon tsami, na narkar da shi. Sai ka sa sabon zobe na silikon mai jure zafin digiri 200, daidai girman tsohon. Ɗaure da hannu, ka ƙara kaɗan da sifana. Masu danne noti da ƙarfin tsiya su ke sa zoben ya ɓullo gefe, yoyon ya fi na da.

Uwar_Gida_Biyu:
Maganar shafa silikon ɗin nan dai a bar ta. Na banɗaki yawanci ana zuba masa maganin hana fumfuna, ba abin da za ka so a cikin abin sha ba ne, kuma ba ya kama wurin da ke da danƙo. Tambayata, Malam, da me kake wanke tukunyar? In bilic kake jiƙa ta da shi, kulorin da ke cikinsa na cin irin wannan ƙarfen ya yi masa ƙananan huji kamar na allura. Kashe fitila ka haska tocila ta ciki ka duba ta waje.

Mai_Tsiro:
Na gode ƙwarai. Tishun famfo ko damshi bai yi ba, na elemen ne ya jiƙe. Zoben da na ciro ya tsage ta gefe ɗaya, ya yi tauri har yana karyewa a hannu. Huji kuwa babu, Yaya, ba na sa bilic. Sabon zoben ta ciki zan sa ko ta waje?

Tsohon_Hannu:
Inda ka ciro tsohon. A irin taka mai noti ta waje, zoben ta ciki yake zama, ɓangaren ruwa. Ka tafasa ruwa zalla awa guda ka gani kafin ka zuba tsironka.