Wear leveling: wace kalma za mu sa masa da Hausa?

Jama'a a taimaka min, ina rubuta bayani da Hausa kan yadda ake tsara fayil-fayil a cikin ƙananan na'urori irin su rauta (na'urar raba intanet) da ESP32 (wata 'yar mitsitsiyar kwamfuta da ake sawa a cikin na'urori), na zo kan wear leveling na tsaya cak, yau kwana uku kenan.

Bari in faɗi abin da ake nufi tukuna don kar mu yi ta jifa cikin duhu. Filash ɗin da ke cikin na'urorin nan, wato ma'ajiyar fayil-fayil ɗinsu, ba a goge harafi ɗaya a sa wani a wurinsa, sai dai a goge gida guda (wato yanki ɗaya na ma'ajiyar) sukutum, a filash nau'in NOR yawanci 4KB ne, a nau'in NAND kuma yakan kai 128KB. Kamar allon makaranta dai, sai ka wanke duka sannan ka sake rubutu. Kuma kowane gida yana da iyakar wankin da zai ɗauka, ƙananan NOR ɗin nan kusan sau 100,000 ne, daga nan ya fara ƙin riƙe rubutu. Ka ga kamar da yawa ko? To ka sa na'ura ta riƙa sabunta fayil ɗaya a gida ɗaya duk minti, wata biyu da 'yan kwanaki ka cinye shi, alhali sauran gidajen suna nan gal ko taɓa su ba a yi ba. Dabarar wear leveling ita ce a riƙa yawo da rubutun gida-gida.

A rauta mai manhajar OpenWrt abin ya fi fitowa fili, akwai wurin bootloader mai tayar da na'urar, sai kernel wato zuciyar manhajar, sai tsarin fayil na SquashFS wanda a matse yake kuma karatu kawai ake yi, sannan ragowar wurin a ba JFFS2, tsarin fayil da ake iya rubutu a kansa, a ɗora shi a kan SquashFS a /overlay, duk saitin da ka canza can yake sauka, shi ya sa reset ɗin ma wannan ɓangaren kawai yake sharewa. Wato wurin da ke shan wanki ɗan ƙarami ne, dole a lallaɓa shi.

Wani ya ce min "daidaita lalacewa". Gaskiya ban so ta ba, ji nake kamar muna neman mu lalata komai daidai wa daida, kuma ai gidan bai lalace ba tukuna, cinyewa yake a hankali kamar ƙasan takalmi. Wata 'yar'uwa ta kawo "raba gajiya", wannan kam ta ban dariya kuma tana da daɗin faɗa, matsalar dai mai gajiya yana hutawa ya warware, filash kuwa in ya ci ya ci.

Ni inda zuciyata ta kwanta shi ne "rubutun karɓa-karɓa". Kowa ya san kalmar daga bakin 'yan siyasa, yau wannan gobe wancan, ba sai an yi dogon bayani ba.

Malam ɗaya ya ja ni cewa ai ba layi ake bi tsaf ba, kuma ya yi gaskiya, tsarin fayil na littlefs na kamfanin ARM a gidajen da babu kowa kawai yake zagayawa, shi kuwa JFFS2 jefi-jefi yakan tashi fayil ɗin da ya daɗe a zaune ya mai da shi wani gida don gidansa ma ya shiga sahu. To sai mu ce ƙaramin karɓa-karɓa da cikakken karɓa-karɓa, shikenan.

Yanzu saura overlay, na rubuta "mayafi" da fensir tukuna, mai wadda ta fi ta ya kawo.